Sito ɗaya muke aiki: ni na kwanta an biya ni, shi ya kwanta an ce ya yi haƙuri

Baban Hafsa (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai yau kwana goma, na ce bari in kawo shi gaban manya. Ina aiki a wani babban sito a nan Garwa ta Kamaru inda ake sauke siminti da shinkafa da fulawa. Ni ke riƙe da littafin shige da fice, bana shekarata 7 a wurin. Da damina aka yi mini aikin ƙaba, na kwanta sati 6 cur, albashina ya zo cif, ko dala ba a taɓa ba.

Ban daɗe da komawa ba sai taifot ya kayar da ɗaya daga cikin 'yan dakonmu. Magidanci ne, 'ya'yansa 3, a Lopere yake haya. Shekararsa 4 yana sauke mana kaya, kullum kafin in buɗe ƙofa yana tsaye a bakinta. Sati 3 ya yi a kwance. Da ya samu ya miƙe ya je wurin mai gida, amsar da aka ba shi ita ce: ranar da ba ka ɗauki buhu ba, da me za a biya ka? Wayarsa ya sayar, da tunkiyar da matarsa ke kiwo, ya biya magani.

Wallahi tun ranar ba na iya haɗa ido da shi. Rana ɗaya ke dukanmu, ƙurar siminti ɗaya muke shaƙa, shi ma ya fi ni shaƙa. To wannan bambanci doka ce ta kawo shi, ko son rai ne?

Direban Tirela (Ngaundare):
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan ciwon ba a sitonku kaɗai yake ba. Shekara 2 ke nan motarmu ta kwanta a gangaren dutsen nan na hanyar Garwa, wajen Mbe. Na karye a ƙafa, yaron motata ya karye a hannu. Ni kamfani ya yi mini rajista a CNPS, asusun gwamnati na inshorar ma'aikata, aka biya mini magani, aka riƙa ba ni kuɗin kwanakin da na yi a gida. Yaron kuwa ba sunansa a ko'ina. Mota ɗaya, rami ɗaya, dare ɗaya. Daga aljihuna na riƙa raba masa.

Mai Walda (Figil):
In ba ka da takarda, ba ka da haƙƙi. Ƙarshen magana ke nan. Mu da muke aikin yini mun daɗe da sanin haka.

Kawu Delege (Marwa):
A'a ɗana Mai Walda, kada ka yanke wa kanka wannan hukunci, ba haka doka ta ce ba. Na yi shekaru ina wakilin ma'aikata kafin in yi ritaya, bari in warware muku zaren a hankali, don abu uku ne kuka cakuɗa.

Dokar ƙwadago ta Kamaru ita ce mai lamba 92/007, ta ranar 14 ga Agusta 1992. Sashe na 32 ya ce idan ma'aikaci ya kwanta rashin lafiya, likitan da mai aiki ya amince da shi ko likitan asibitin da gwamnati ta san da shi ya tabbatar, to kwantirarsa ba ta mutu ba, an jingine ta ne, har tsawon wata 6. Ko wata 6 ɗin sun cika, gurbinsa yana nan muddin ba a sa wani a ciki ba. Sai sashe na 33, shi ne ya yi maganar kuɗi, kuma a nan ne bambancin ya samo asali. Doka ba ta ce a biya kowa wata kaza ba. Ta ɗaure kuɗin jinya ne da wa'adin sallama, wato fireyabi, kwanakin nan da dole a sanar da kai kafin a raba ka da aiki. In jinyarka ba ta kai tsawon wa'adin ba, a biya ka kwanakin da ka kwanta cif. In ta kai ko ta zarce, abin da za ka samu shi ne kuɗin wa'adin kawai, daga nan mai aiki ya fita.

Shi kuwa wa'adin ba ɗaya ba ne ga kowa. Wata doka ta ministan ƙwadago ta watan Mayu 1993 ta raba shi bisa kategori, wato matakin da aka ajiye ma'aikaci a kai, da daɗewa. Kategori 1 zuwa 6, har da masu aikin gida: wanda bai cika shekara ba kwana 15, daga shekara 1 zuwa 5 wata 1, sama da shekara 5 wata 2. Kategori 7 zuwa 9: wata 1, wata 2, wata 3. Manyan ofis, 10 zuwa 12: wata 1, wata 3, wata 4.

Baban Hafsa, kai shekararka 7, ko kana ƙaramin kategori wa'adinka wata 2 ne. Sati 6 bai kai wata 2 ba, shi ya sa aka biya ka duka. Ba alfarma aka yi maka ba. Yanzu ɗauki ma'aunin nan ka ɗora a kan ɗan dakon: shekara 4, wa'adinsa wata 1, ya kwanta sati 3. Me ka gani?

Baban Hafsa (Garwa):
Innalillahi. Kawu, ke nan shi ma duka ya kamata a biya shi?

Kawu Delege (Marwa):
Duka, in dai ma'aikacin gidan ne. Da ku biyun kun yi wata 3 a kwance, da an ga bambancin da doka ta yarda da shi: kai wata 2, shi wata 1. Amma a sati 3 babu bambanci tsakaninku ko kaɗan. Rashin takarda kuma ba ya kashe haƙƙi. Doka ta yarda da kwantirar baka, ta ce ana iya tabbatar da ita ta kowace hanya, ko da shaidu ne.

Maganar Direba kuwa wata ƙofa ce daban. Hatsarin aiki CNPS ke ɗauka, ta biya magani, ta ba ka kashi 2 cikin 3 na abin da kake samu a yini. Mai aiki ne zai kai rahoto cikin kwana 3 na aiki. In ya ƙi, wanda ya ji rauni ko iyalinsa suna da shekara 3 su kai da kansu. Ka ce shekara 2 ke nan, to ƙanena ka nemo yaron nan tun lokaci bai ƙure ba. Ciwon Allah da annabi irin su zazzaɓi da taifot kuwa CNPS ba ta da reshensa. Rassanta uku ne: kuɗin iyali, fansho, da hatsari ko cutar da aiki ya jawo.

Direban Tirela (Ngaundare):
Kawu, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa jin wannan ba. Yaron yana Baladji wurin yayarsa, gobe zan neme shi.

Alhaji Mai Kanti (Gidar):
Ku yi mini uzuri in faɗi nawa, ko ba zai yi daɗi ba. Ni ina da yara 9 a ƙarƙashina. Mutum 4 na yi musu rajista, sauran ban yi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Duk ranar da ɗaya ya kwanta, kaya ba sa jira, dole in ɗauko wani in biya shi. Ke nan aiki ɗaya, albashi biyu. Ga haraji, ga haya, ga wuta. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a irin sana'armu ya koma sefa 60,000. Babban kamfani mai mutum ɗari ba zai ji ba in biyu sun kwanta. Ni in biyu suka kwanta a wata ɗaya, ribar watan ta tafi.

Kawu da kansa ya faɗa, babu asusun da ke ɗaukar ciwon gida. An ɗora kayan duka a kan mai aiki shi kaɗai. Da akwai inda muke zuba kaɗan-kaɗan kowane wata, mu da ma'aikatan, kamar yadda ake cire kashi 4.2 na fansho daga kowane ɓangare, da ni ne na farko a layi. Ba duk mai gida ne azzalumi ba.

Maman Abba (Garwa):
Alhaji, na ji ka, kuma maganar asusu gaskiya ce. Amma ka duba wa aka bar wa nauyin a yanzu. Kai ribar wata ka rasa, shi tunkiyar matarsa. Kuma cikin 9 ɗin nan naka, yaya aka yi ka zaɓi 4? Ba don in ci maka fuska ba, amma na san amsar a yawancin wurare: wanda ke riƙe da biro ake yi wa rajista, wanda ke ɗaukar buhu a bar shi. Alhali mai buhun ne jikinsa ke saurin lalacewa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ƙara abin da nake gani kullum. Ɗan dako ba ya zuwa asibiti ranar farko. Zai sayi ƙwaya a tebur, ya sha saiwa, ya lallaɓa ya je aiki da zazzaɓi don kada a yanke masa yini, sai ya faɗi a kawo shi a kan babur. Sannan in an sallame shi bai san ana neman takardar hutun jinya ba, mu ma wani lokacin ba ma tuna masa. Ma'aikacin ofis kuwa tun kafin a ɗaura masa ruwa yake tambayar takarda. Don Allah duk wanda ya kwanta, ya nemi likita ya rubuta ranar farawa da adadin kwanaki, ya sa hannu da hatimi, a kai wa mai aiki kwafi tun ana jinyar. Rasit ɗin mai kemis ba ya tsayawa a madadinta.

Baban Hafsa, a ina aka duba shi?

Baban Hafsa (Garwa):
Satin farko a gida ya yi, Maman Abba, kamar kin gani. Daga baya ne aka kai shi asibitin gwamnati, ya kwana 5, sauran ya ƙarasa a gida yana karɓar allura. Littafin asibitinsa yana nan.

Maman Abba (Garwa):
To ya koma da littafin wurin likitan da ya duba shi. Satin farkon nan zai yi wuya a rubuta masa, don likita ba zai shaida abin da bai gani ba. Amma daga ranar da aka karɓe shi zuwa ranar da aka ce ya koma aiki, wannan ana iya rubutawa.

Alhaji Mai Kanti (Gidar):
Hajiya, tambayarki ta shige ni. Gaskiya ne, 4 ɗin masu lissafi ne da direba. Sauran na ɗauke su ne a kan na ɗan lokaci, sai lokacin ya yi ta tafiya.

Kawu Delege (Marwa):
Alhaji, ka taɓo inda gizo ke saƙa. Kalmar nan ta ɗan lokaci ita ce ta fi cutar da mutanenmu a arewa. Doka ta san aikin wucin gadi, amma ta yi masa iyaka: na cike gurbi wata 3, na larurar gaggawa kwana 15, na kaka irin na auduga wata 6. Kwantira mai wa'adi ba ta wuce shekara 2, sau ɗaya ake sabunta ta. In wa'adi ya cika mutum ya ci gaba da aiki, ta zama ta dindindin da kanta, ko ba wanda ya rubuta komai. To mutumin da ya shekara 4 yana zuwa kullum, wane ɗan lokaci ne ya rage a jikinsa?

Sai dai akwai tambayar da ban yi ba tun farko. Baban Hafsa, hannun wa yake karɓar kuɗinsa?

Baban Hafsa (Garwa):
Hannun shugaban 'yan dako. Duk Asabar mai gida yana ba shi jimla bisa yawan buhunan da aka sauke, shi kuma ya raba musu.

Kawu Delege (Marwa):
To a nan za a yi ja-in-ja, ka shirya. Mai gida zai ce ba yarona ba ne, yaron shugabansu ne, ni kwangila na bayar. Abin da sufeton ƙwadago zai duba shi ne wa ke ba da umarni. Wa ya sa lokacin zuwa da na tashi? Wa ke cewa a sauke wannan mota kafin waccan? In yaron ya makara, wa ke masa faɗa? In yana son zuwa jana'iza, wa yake roƙo? In amsar duka mai gida ce, to shugaban nan mai rabon kuɗi ne kawai. Ko ma an yarda ɗan kwangila ne na gaske, doka ta ce in aikin a cikin siton mai gida ake yi, ɗan kwangilar ya kasa biya, nauyin yana komawa kan mai siton.

Mai Walda (Figil):
Kawu, duk na ji, kuma na janye abin da na faɗa. Amma a takarda ne. Ranar da ya taka ofishin sufeto, ranar zai rasa aikin. Akwai mutum 20 a bakin ƙofa suna jiran buhun nan. Wa zai ciyar da 'ya'yansa kafin a gama sulhu?

Malamin Islamiyya (Yalwa, Garwa):
Bari in sa baki ta fuskar addini, don na ga ana ta jifan masu gida, kuma adalci ya shafi kowa. A asalin fiƙihu lada yana bin aiki ne, ko miƙa kai ga aikin. Wanda ciwo ya hana shi zuwa, ba a tilasta wa mai aiki biyansa da wannan asalin kaɗai. Amma malamai sun ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kuma abin da aka saba da shi a al'ada kamar sharaɗi yake. Wanda ya buɗe sito a ƙasar da dokarta ta ce a biya mai jinya, ya shiga da wannan sharaɗi ko bai furta ba. Balle shi da kansa ya biya wani a gidan. Da bai biya kowa ba, da sai mu ce bai sani ba. Tunda ya biya Baban Hafsa, ya sani.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kan masu hidima: 'yan'uwanku ne, Allah ya sa su a ƙarƙashin hannunku, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Mutum ya shekara 4 yana ɗaukar maka buhu mai kilo 50 a ka, ya faɗi, ko leƙa shi ba ka yi ba.

Ɗan Kusiri:
Tambaya, Kawu. Ni a Kusiri nake kwana amma a Njamena nake aiki, kullum ina tsallaka gadar Ngeli. Wannan lissafin na kwana 15 da wata 1 ya shafe ni?

Kawu Delege (Marwa):
A'a ɗana, kada ka ɗauki lissafin nan ka kai ƙetare. Inda ake yin aikin, dokar can ke hukunci. Chadi tana da nata kundin ƙwadago na Disamba 1996 da tata CNPS. Ka nemi sufeton ƙwadago na Njamena.

Kuma ga sauranku, abin da na kawo shi ne ƙasan ma'auni. Sana'o'i da yawa suna da yarjejeniyar gama-gari tsakanin ƙungiyar ma'aikata da masu kamfani, wasu suna ƙara watannin jinya bisa daɗewa. Haka in an sayar da kamfani, sashe na 42 ya ce tsofaffin ma'aikata suna wucewa hannun sabon mai shi da kwantirarsu yadda take, shi ya sa za ka ga tsoho da sabo a tebur ɗaya, sharuɗɗansu daban. Ku duba takardar albashinku, kategori yana rubuce a kai. Da yawa ba su taɓa dubawa ba sai ranar da suka kwanta.

Ni dai ra'ayina, kuma na faɗe shi a tarurruka tun ina aiki, ɗaure kuɗin jinya da kategori kuskure ne. Sauro ba ya tambayar kategori. Babban ma'aikaci mai wata 4 yana da ajiya, sau da yawa kamfani ya yi masa inshora. Lebura mai kwana 15 ba shi da komai sai ƙarfinsa. Tsarin kula da lafiyar kowa da aka ƙaddamar a 2023 ya rage wa mata masu ciki da ƙananan yara kuɗin asibiti, amma ba ya mayar wa magidanci albashin da ya rasa yana kwance.

Baban Hafsa (Garwa):
Jama'a, ga yadda aka ƙare jiya. Na samu mai gida shi kaɗai bayan la'asar, na yi masa magana cikin ladabi, na karanta masa abin da Kawu ya rubuta. Ya yi shiru, ya ce shi ba ya son maganar doka a gidansa, amma don Allah zai taimaka. Ya kira yaron ya ba shi sefa 25,000. Na ce a rubuta kuɗin jinya ne, ya ce a'a, sadaka ce. Yaron ya karɓa yana ta godiya har da durƙusawa. Da muka fito ya riƙe hannuna ya ce, Yaya don girman Allah a bar maganar haka, kada a kore ni.

Alhaji Mai Kanti (Gidar):
To ai an samu wani abu. A bar shi haka, kada a tayar da ƙura.

Maman Abba (Garwa):
Alhaji, ba ɗaya ba ne. Sadaka yau ce kawai, gobe in wani ya faɗi sai mai gida ya ga dama. Shi ya sa ya ƙi a rubuta. Amma ban ga laifin yaron ba, mai 'ya'ya 3 ba ya wasa da abincinsa.

Kawu Delege (Marwa):
Kada a tilasta masa. Haƙƙinsa ne, shi zai zaɓi ranar nema, kuma bashin albashi ba ya mutuwa sai bayan shekara 3. Ya karɓo takardar likita ya adana. Baban Hafsa, mutum nawa ke aiki a siton, har da 'yan dako?

Baban Hafsa (Garwa):
Mu 26 ne in an haɗa da su. Masu takarda mu 11. Kuma tun da labarin ya fita, 6 daga cikinsu sun same ni a ɓoye suna tambaya. Sunayensu duka suna cikin littafina, rana bayan rana, da hannuna na rubuta.

Kawu Delege (Marwa):
To kun kai 20, kuma wurin da ya kai ma'aikata 20 doka ta wajabta a yi zaɓen wakili, wanda ba a iya korarsa sai da izinin sufeto. Wannan ita ce hanyar da ba za ta bar mutum ɗaya a rana ba. Littafin kuwa dukiyar kamfani ce, kada ka fitar da shi daga sito, kada ka ba su hujja a kanka. In sufeto ya zo da kansa yana da ikon ya ce a buɗe masa. Zuwa ofishinsa neman bayani kyauta ne, ba sai ka shigar da ƙara ba, kuma kana iya roƙonsa kada ya ambaci wanda ya zo.

Baban Hafsa (Garwa):
Na gode Kawu. Ranar Litinin ina da hutun rabin yini, zan je. Me zan riƙe?

Kawu Delege (Marwa):
Katin ɗan ƙasa, takardar albashinka ta watan da ka yi jinya, da lambarka ta CNPS. Ka rubuta a wata takarda daban adadin 'yan dakon da shekarun kowa, ba tare da suna ba tukuna. Ka je da safe, kafin su fita zagaye.